Ranar da Kogi Ya Sake Hanya

Zuwa ga 'yata Lauya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka lafiya kuma sanyin can bai kada ke ba. Mu nan lafiya lau, in ban da bayana da ke tuna mini shekaruna kowace safiya.

Hedimasta ne ke rubutawa, ni ina faɗa. In kin ga wata kalma mai nauyi tasa ce, ba tawa ba. Kin san kunnena da waya ba sa ga-maciji, ga shi kuma ƙarfen sabis ɗin ya faɗa ruwa. Don haka Direba zai ɗauki hoton takardar nan in ya shiga gari ran Litinin ko Alhamis ya tura miki. Ke ma ki turo amsa ta wayarsa, ya buga a shagon masu kwafi ya kawo mana.

To, barka! An ce cikin ɗaruruwan da suka nema daga ƙasashe irin tamu, mutum ashirin aka ɗauka, aka biya musu jirgi da ɗaki, don su yi mako shida suna koyon dokar da ke tsakanin ƙasa da ƙasa. Sau huɗu kina nema ana mayar da ke. Innarki takan ce, taurin kan yarinyar nan ko ya kai ta gaba ko ya kai ta gidan yari. Ga shi ya kai ki gaba, ita kuma Allah bai nufa ta gani ba. Wata uku kacal kafin tafiyarki ta rasu. Ni ba ƙanenta ba ne ciki ɗaya, kakarki da mahaifina ne 'yan ɗaki ɗaya, amma a gidana ta ƙare kwanakinta, don haka murnarta ni zan yi mata. Na faɗa wa kowa, har waɗanda ba su tambaya ba.

Yanzu ga labari. Kogi ya yi abin da ban taɓa gani ba a shekara arba'in da na yi ina tuƙa kwale-kwale. Kin san yadda yake lanƙwasowa ya zagaye gidajen nan namu goma sha ɗaya da gonaki da maƙabarta, ya bar mana siririyar hanyar da muke bi zuwa babban ƙauye. To ran Laraba da hantsi ruwa ya taso ja wur ya daki hanyar nan. Kafin la'asar ya yanke ta. Ina tsaye ina kallo mangwaron Hedimasta ya wuce a tsaye, kai ka ce kasuwa za shi. Yanzu kogi ta nan yake bi, tsakaninmu da ƙauye. Tsohuwar hanyarsa kuwa, wadda ta raba mu da mutanen ƙetare, har ta fara tsotsewa, mata na kama kifi da kwando. Jiya wani mutumin ƙetare ya naɗe wando ya tako da ƙafa ya zo aron gatarina. Ki ji fa, ƙasa guda ya tsallako saboda gatari!

Ba wanda ya mutu, sai awakin Direba biyu. Kabarin Innarki ruwa bai taɓa shi ba, na je da kaina na duba.

Ki ci abinci. Na ga yadda kika koma ranar da kika zo mana gaisuwa.

Kawunki.

*

Kawu,

Na samu wasiƙarka, na gode. Ina lafiya. Allah ya ƙara sauƙin bayan, ya kuma mayar wa Direba da alheri. Alhamdu lillahi tun da ba a rasa rai ba.

Ka ce in ba ka labari in na iso. Ɗakina yana hawa na uku. Gado ɗaya, tebur ɗaya, taga da ba ta buɗuwa sai faɗin tafin hannu. Da safe nakan shiga bas, tasha biyar, in sauka gaban wani dogon gini mai matakala. A aji kowa da kwali a gabansa, an rubuta sunansa da na ƙasarsa. Akwai abin sawa a kunne ga wanda bai ji harshen malamin ba. Sun ba mu littattafai huɗu, kowanne ya isa a danne ƙofa da shi.

Malaman manya ne, Kawu, waɗanda nake ganin sunayensu a bayan littafi tun ina jami'a. Shekara goma sha ɗaya ina ofishin yarjejeniyoyi na ma'aikata ina mafarkin in zauna gabansu. Yanzu ga ni a gabansu. Ina rubuta duk abin da suka faɗa, rubutuna ma ya yi kyau. In aka yi dariya nakan yi, in aka tafa in tafa. Amma gaskiya ba na jin komai, ba daɗi, ba rashin daɗi.

Wadda ke zama kusa da ni alƙaliya ce daga wata ƙasa ta tsibiri. Ba ta gajiya da magana. Ta ce teku na cin garinsu taku ɗaya kowace shekara, ta zo ta ji ko ƙasar da ta nutse tana nan a matsayin ƙasa. Kullum sai ta kawo mini lemo ta ajiye a kan littafina. Akwai guda shida yanzu a kan tagata.

Ranar farko sakatariyar shirin ta kira mu ɗaya bayan ɗaya don a tabbatar da takardunmu. Akwai layin da aka ce a rubuta wanda za a nema in wani abu ya same ka. Tun kafin rasuwa na cike fom ɗin, sunan Inna ne a wurin da lambarta. Matar ta karanto ta ce, haka yake? Na ce haka yake. Ta sa alama, na fito na je na sha ruwa.

Ina cin abinci. Ka gaida Hedimasta, a yi masa jajen mangwaro.

'Yarka.

*

Lauya,

Muna lafiya, bayan ma ya ɗan saki. Hedimasta ya amsa gaisuwa, ya ce mangwaro dai ya tafi karatu ƙasar waje kamar ke. Maganar lemo kuwa, ki sha, kar ki tara. Baiwar Allah ta kawo miki abu kin mai da shi ado?

Akwai shawara da nake nema. Kayan Innarki suna nan yadda ta bar su, ɗakin a rufe, kuma damshi ya fara shiga tun da ruwan nan ya matso. Na san ke kaɗai ce mai iko da su, amma ba ki ce komai ba da kika zo, ni kuma ban ga fuskar tambaya ba. Mun zauna da matan gida mun ga kamar haka: tufafi a raba wa masu bukata, tukwane su zauna a gida, keken ɗinkin kuma a ba matar Direba, don ita ta yi jinyarta, ita ke juya ta, ita ke wanke ta, kuma ta iya ɗinki. Tabaraunta da ƙaramin akwatin takardu na ajiye miki. In akwai abin da ba ki yarda da shi ba ki faɗa, ba za a taɓa ko allura ba sai kin ce. Takarda ta cika, Hedimasta zai juya.

Kabarin ya ɗan zauna ta wajen kai, kin san sabuwar ƙasa. Na ɗebo ƙasa na cike, na jera duwatsu a gefe. Nakan je bayan la'asar in zauna kaɗan. Ran nan na ba ta labarinki, na ce mata 'yarki na can ana sa mata abu a kunne kamar matuƙin jirgin sama.

Sai magana ta biyu. An aiko mana cewa wasu jami'ai za su zo da farar mota su tambaye mu yadda kogi ya yi. Ba a faɗi rana ba. Kin tuna mutanen ƙauyen sama, shekara tara da suka wuce? Su ma farar mota ta zo musu bayan ambaliya. Suka faɗi gaskiya, suka ce ruwa ya zo musu lokaci ɗaya. Aka rubuta cewa wurin yana da haɗari, aka kwashe su aka kai kan tudun duwatsun nan, aka yi musu rumfunan kwano, aka ce na wata shida ne. Har yau suna can, ko kuɓewa ba ta fita a wurin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka mu magidanta goma sha ɗaya mun haɗa baki: in sun zo za mu ce ba wata ambaliya, kogi ya daɗe yana cin hanyar nan kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, bana ne kawai ya ƙarasa. In ba haɗari ai ba dalilin tashinmu. Hedimasta yana ta gunaguni wai ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Na ce masa muna da lauya, a tambaye ta mana. To ga shi na tambaya. In da matsala ki ce mana kul.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Aiki ya yi yawa, kowace rana shafi tamanin za a karanta, shi ya sa zan gajarta.

Duk abin da kuka yanke ya yi. Ku ne a wurin, kun fi ni sanin abin da ya dace, ba sai kun jira ni ba. Ku yi kawai. Allah ya saka wa matar Direba da alheri.

'Yarka.

*

Kawu,

Don Allah duk inda takardar nan ta same ka, a karanta maka ita nan take, a kuma tara sauran magidanta. Kada ku ce kogi a hankali ya ci hanya. Kul. Ku faɗi yadda aka yi: ran Laraba, daga hantsi zuwa la'asar.

Bari in yi bayani yadda Hedimasta zai iya maimaitawa. Yau Alhamis wata Farfesa ta koyar da mu dokar iyakokin ruwa. Ta zana kogi a allo, ta lanƙwasa shi, na ga kamar gidanka ta zana. Ta ce in kogi ne iyakar ƙasashe biyu, kuma yarjejeniyarsu ba ta faɗi wani abu daban ba, to akwai ƙa'idar da aka saba bi. In kogin ya matsa sannu a hankali, shekara da shekaru, iyaka takan bi shi duk inda ya je. In kuwa ya yi tsalle lokaci ɗaya ya bar tsohuwar hanyarsa, iyaka tana nan a tsohuwar hanyar, ko da ta bushe ƙurmus. Na rubuta wannan a littafina da kyau, na ja layi a ƙarƙashi. Sai da na kai rabin layin hannuna ya tsaya.

Kawu, ban karanta shafi na biyu na wasiƙarka ba sai yau. Ranar da ta zo na karanta maganar kaya, na buɗe hoto na biyu, na ga kalmar kabari a layin farko, na rufe wayar. Na ce sai anjima. Anjimar ta kai kwana goma. Amsar da na ba ka ta keken ɗinki ce da tufafi, ba ta jami'ai ba.

Mutanen da za su zo ba masu agaji ba ne. Na bincika, kwamitin iyaka ne na ƙasashen biyu, suna bin kogin tun bara. Motarsu iri ɗaya ce da ta masu agaji, aikinsu daban. Ba ruwansu da kwashe kowa, tambayarsu ɗaya ce: ina iyaka take yanzu? Na je ɗakin karatu na nemo tsohuwar yarjejeniyar, ba ta ce komai ba sai "tsakiyar kogi". Ke nan abin da za ku faɗa yana da nauyi ƙwarai. In kuka ce lokaci ɗaya ne, gidajenku da gonaki da maƙabarta suna nan a ƙasarmu. In kuka ce a hankali ne, da bakinku kun miƙa su ga ƙetare.

Ku nuna musu kututturen da ruwa ya tumɓuke. Ku nuna musu ƙarfen sabis da ya faɗi. Ku kai su tsohuwar hanyar ruwa su ga laka ba ta gama bushewa ba. Kada kowa ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa ba.

Direba, in kai ka fara ganin wannan, kada ka tsaya lodi, ka juya.

'Yarka.

*

Kawu,

Yau Litinin. Saƙona na nan da alama ɗaya, bai shiga wayar Direba ba. Na kira shi sau talatin da wani abu. Na kira ofishin kwamitin, waya na ta ƙara ba mai ɗauka. Na roƙi wani abokin aikina ya nemo mini ko mutum ɗaya a garinku, ya ce zai gani.

Ina zuwa aji. Yau dokar teku aka yi, maƙwabciyata ta yi tambaya har huɗu. Ni ina zaune da waya a cinya.

In wannan ta iso kafin su zo, kalma ɗaya ce: ku faɗi gaskiya.

'Yarka.

*

Lauya 'yar albarka,

Muna lafiya ƙalau, kuma yau da daɗin rai nake faɗa Hedimasta na rubutawa. Motar Direba ta lalace tun ran Alhamis waccan a hanyar dawowa, wai wani ƙarfe ya karye a cikinta, yau kwana goma sha ɗaya ba ta motsa ba. An ce gobe za ta tashi, shi ya sa muke shirya wannan tun yau.

An yi an gama. Ran Talata suka zo, motoci uku, suka bar su a ƙauye, ni na haye da su da kwale-kwalena. Aka kafa tebur a inuwar gidana. Abin mamaki har da mutanen ƙetare a cikinsu, namu biyu, nasu biyu, da mai rubutu. Aka riƙa kiranmu ɗaya-ɗaya. Wallahi da kin ga yadda muka yi da kin ɗauke mu aiki. Ba wanda ya kauce ko da taku ɗaya. Har mai gyaran raga, wanda kin san bai iya riƙe magana ba ko ta minti biyar, ya ce shi tun yana yaro yake ganin kogin nan na gutsurar hanya. Ni na ce shekara talatin, na nuna da hannu yadda take raguwa kowace damina.

Na ƙetaren nan babba sai murmushi yake yana gyaɗa kai, mutumin kirki. Namu ne ma ya so ya kawo cikas. Wani mai furfura ne, da tabarau. Ya dubi ramin da mangwaron Hedimasta ya bari, ya dube ni, ya ce, "Baba, ka tabbata? Ba rana ɗaya ruwan nan ya yanke ba?" Na ce na tabbata. Ya cire tabarau ya goge, ya sake cewa, "Baba, ka yi tunani da kyau, abin da ka faɗa shi za a rubuta." Na ce a raina, ka ji ɗan neman a kai mu kan duwatsu. Sai na fito da takardarki daga aljihu na ce, "Ranka ya daɗe, 'yata lauya ce a ma'aikata, yanzu haka tana ƙasar waje tana karanta dokar duniya. Mun tambaye ta, ga amsarta, ta ce abin da muka yanke ya yi." Ya karɓa ya karanta, ya daɗe yana kallonta. Daga nan ya mayar mini da ita. Muka dangwala, su ma duka huɗun suka sa hannu.

Kin ga amfanin karatu ke nan. Layi uku kika rubuto, suka rufe bakin babban jami'i. Na je na faɗa wa Innarki.

Keke yana wurin matar Direba, ta yi kuka da aka kai mata.

Kawunki.

Lauya, Hedimasta ne da kaina, washegari nake ƙara wannan. Direba ya shiga gari yau da sassafe don gwada mota, ya dawo da wasiƙunki biyu kafin mu ba shi wannan. Na karanta wa Kawunki. Ya ce in sake, na sake. Ya tambaye ni, "Wato mai tabaraun nan taimakonmu yake so ya yi?" Na ce da alama. Sai ya ce zai je ya duba kwale-kwale, ko da yake da safe ya duba shi. Na tambaye shi ko in yaga ta sama mu rubuta wata. Ya ce a tura ta yadda take. Sauran magidanta ba su sani ba tukuna, ya ce shi zai faɗa musu da bakinsa.

*

Kawu,

Na samu. Ina lafiya.

Na je wurin Farfesa bayan aji, na zana mata lanƙwasar a bayan takardar jadawali. Ban ce gidanmu ba ne, na ce wani misali ne. Ta ce misali mai kyau. Ta ce hotunan tauraron ɗan'adam za su iya nuna cewa rana ɗaya abin ya faru, kuma maganar mazauna wuri ba ita kaɗai ake dubawa ba. Amma tun da wakilan ƙasashen biyu sun sa hannu a kan rahoto ɗaya, ba mai iya tayar da maganar sai ɗaya daga cikin gwamnatocin. Na ce, mutanen wurin fa? Ta ce a wannan fagen ƙasashe ne ke magana, mutum ba ya kai ƙara da kansa. Na san haka tun ina aji biyu a jami'a. Na dai tambaya ne.

Na rubuta wa Daraktanmu shafi huɗu, da taswira, da kwanan wata, da duk abin da aka koya mana. Ya amso da layi biyu. Ya ce wurare sittin da ɗaya kwamitin ke dubawa a kogin nan, an sha wuya kafin a samu ƙetare su zauna a tebur, ba za a rushe aikin shekara biyu saboda gida goma sha ɗaya ba. Ya ce in mai da hankali kan abin da ya kai ni. Zan sake rubutawa in na dawo, zan nemi mai tabaraun ma. Ba na so in sa maka rai, Kawu. Na san yadda fayil yake kwanciya a ofishinmu, ni ma na kwantar da na wasu.

Ba na neman ka ce ba komai. Ka tambaye ni a fili, ka ce in da matsala in ce kul. Amsar tana cikin littafi na biyu daga cikin huɗun da ke kan teburina, shafin ma na riga na wuce shi da ido tun makon farko. Abin da ya hana ni shi ne ban iya karanta layi ɗaya a kan kabarin uwata ba.

Jiya aka rufe shirin. An kira sunana da na ƙasarmu, na hau, aka ba ni takardar shaida cikin shuɗin bango. Mai hoto ya ce a yi murmushi, na yi. Maƙwabciyata ta rungume ni tana kuka, ta ce ba za ta manta da ni ba. Lemon da ke taga sun kai ashirin da tara, wasu sun yi laushi, na zuba su a kwandon shara na share ɗakin na miƙa makulli.

Har yanzu ban yi kuka ba, tun ranar da aka kira ni aka ce ta rasu. Ina so in yi, ba ya zuwa.

Jirginmu gobe da rana.

'Yarka.

*

Lauya,

Muna gaisuwa. Wata biyu ke nan da dawowarki ba mu ji ɗuriyarki ba, sai Direba ne ya ce kin kira shi sau biyu kin yi shiru kin kashe. To ni ba na iya shiru, kin sani. Lafiyata lau, bayan ne dai ya dawo da ƙarfinsa.

Na faɗa wa mutane tun a ranar. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zaga da ya fi mini sauƙi. Mai gyaran raga ne kawai ya ce, shi da bai taɓa riƙe magana ba, rana ɗaya da ya riƙe ga abin da ta jawo.

Ba a kafa ginshiƙin iyaka ba tukuna, an ce sai manya sun sa hannu. Amma ƙetare sun riga sun kafa rumfa a bakin sabon ruwa, daidai inda nake ɗaure kwale-kwale, da tuta da jami'i biyu. Ba su da mugunta. Ɗayansu ma ɗan mutumin nan ne da ya ari gatarina. An ba mu zaɓi: wanda ya so ya zauna a ba shi katin baƙo, wanda bai so ba gwamnatinmu ta ba shi wuri. Kin san wane wuri? Kan tudun duwatsu, kusa da mutanen ƙauyen sama. Gida bakwai sun tafi, har da Direba da matarsa da keken. Abin da muka yi ƙarya don mu guje masa, shi muka je muka tarar, da ƙafarmu.

Ni na karɓi katin. Shekarata saba'in da ɗaya, a ɗakin da aka haife ni nake kwana, yanzu ga ni baƙo da hoto a kati. Hedimasta ya ce hoton ya fi ni kyau. In na tafi wa zai riƙa cike kaburburan nan in sun zauna? Iyayena na nan, matata ta fari na nan, Innarki na nan.

Maganar laifi kuwa, ki sauke. Ke shafi ɗaya kika tsallake, mu goma sha ɗaya muka dangwala hannu a kan abin da muka san ba haka aka yi ba, mutum yana ta ce mini in yi tunani. Ba na ce ban ji zafi ba. Na ji, har yanzu ina ji. Amma ban ga amfanin in rasa ƙasa in kuma rasa 'ya ba.

Ki zo. Tabaraunta da akwatin suna nan. Kukan da kika ce ba ya zuwa, wataƙila ba ya son hawa na uku ne, ki zo ki gwada a nan. Na tambayi jami'in rumfa yadda za a yi. Ya duba takardarsa ya ce ba layin masu zuwa kabari, sai dai ya rubuta ki a masu ziyarar yini ɗaya, ki shiga bayan ƙarfe takwas ki fita kafin shida. Zan jira ki a bakin ruwa da kwale-kwale.

In za ki zo gaida Innarki ki taho da fasfonki, wanda kika yi don karatun nan. Hedimasta ya ce yana da sauran shekara huɗu.

Kawunki.